Karyar Lawban da Sakatar Saman Bene

Makon jiya mai walda ya zo ya ɗaura mana ƙofar ƙarfe a matakalar da ke hawa saman benenmu. Maigidana ne ya kira shi, saboda 'yarmu ta fari ba ta zama wuri ɗaya, da an kau da ido sai a jiyo ƙafarta a sama. Da ya gama ya ja sakata don ya gwada, ta ce ƙwas. Ina tsakiyar matakala riƙe da tiren abincinsa, sai na tsaya cak. Ba tsoro na ji ba. Ƙarar ce na sani tun ina shekara goma, a wani gari mai nisa, kuma ban taɓa jin irinta ba sai na tuna wata karya mai launin toka. Na san mu ba mu cika zama mu ba da labarin kare ba, mai karatu, amma ka yi haƙuri da ni, wannan ya daɗe yana cina.

A ƙarshen shekarun casa'in muna zaune a Guangzhou. Baba yana sayen tufafi a kasuwar Shahe yana tura wa 'yan'uwansa Kano, da zaman ya yi tsawo sai ya ɗauko mu, ni da Umma. Hausawa ba su da yawa a garin a lokacin, masu iyali kuwa sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Ɗakuna biyu muka kama a hawa na biyar na wani siririn gida, a lungun da rana ba ta sauka ƙasa, don gidajen sun matsu har za ka iya miƙa wa maƙwabci gishiri ta taga. Ba a sa ni makaranta ba, Umma ce ke biya mini allo da lissafi da safe. Sauran yinin nawa ne, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙiriniya. A Kano kafin azahar na zagaye gidajen dangi uku na dawo da ƙura har gwiwa. Nan kuma ba tsakar gida, ba zaure, ba 'yar'uwar wasa, sai matakala. Ina hawa ina sauka, ina hawa ina sauka, har Umma ta ce in ba ta ɗaure ni a ƙafar gado ba kanta ba zai daina ciwo ba. A wannan hawa da saukar ne na tsinci yaren mutanen gidan, a bakin matar da ke sayar da waken suya a ƙasa da 'ya'yanta. Kafin shekara na fi Baba, wanda bai wuce nihaw da shiyeshiye da meyo ba, wato sannu da na gode da babu, sauran cinikinsa duk da kalkuleta yake yi.

Wuri ɗaya ne nake samun iska, saman benen. Daga ƙofarmu taka goma sha biyu ne, sai ƙofar ƙarfe mai sakata, sai fili shimfiɗe da siminti, ga tankin ruwa, ga igiyoyin shanya, ga sama. A can mai gidan yake ajiye karnukansa. Tsoho ne siriri mai yawan shan taba, muna ce masa Lawban kamar yadda ake ce wa kowane mai shago. Ya ce da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wani filin tseren karnuka can bakin teku, kuma da ya tsufa abin ya ƙi barinsa. Karnukan irin waɗanda Turawa ke kira wifet ne, ƙanana, cikinsu a lafe, ƙafafu kamar sillen kara, sai ka ce yunwa ce za ta kashe su alhali sun fi mu cin nama. Manya biyu suna cikin keji na waya. Ƙaramar, mai launin toka, ita ce 'yar lelensa, ya bar ta tana yawo a filin yadda ta ga dama. Ni da ita muka raba saman benen, tana zagaye ina zagaye, ba mai taɓa wani.

Sai Kaka ya zo. Mahaifin Baba ne, gwiwa ta matsa masa, aka ce masa Sinawa suna da wasu allurai da suke cakawa, Baba ya yi masa biza ta wata huɗu. Ya sauka a lokacin da bangon garin ke gumi, lokacin da wanki ke kwana uku a igiya ya sauko yana wari. Tun ranar farko ya tsani ɗakin. Ya ce bai taɓa ganin garin da ba a jin kiran salla ba kuma ba a ganin rana, to da me mutum zai san lokaci? Sai ranar Juma'a Baba ke kai shi Masallacin Huaisheng ya ga Hausawa ya warware harshensa, sauran kwanaki shida yana zaune yana tsaki yana murza gwiwa. Ni da shi muka zama abu ɗaya, biyu da aka kulle. Yana ce mini amarya, ina ce masa angon da gwiwa ta kayar. Ni ce na nuna masa hanyar sama, ya ga rana, ya ce daga yau nan ne masallacinsa.

Matsalar ita ce karyar. Da ta ji an ja sakata sai ta zo a guje ta faɗa wa mutum, ta dafa shi, ta lashe abin da ta samu. Ni na saba kauce mata, Kaka kuwa da gwiwarsa ba ya iya kaucewa. Kullum ya hau da alwala da farar riga, kullum ya sauko a sake wanke rigar, a garin da wanki ba ya bushewa. A kwana na biyar Umma ta ce, cikin ladabi amma muryarta a ƙarshen haƙuri, rigunan Kaka sun ƙare, ko zai dawo da sallarsa ɗaki. Kaka ya yi dariya. Ya ce shi da ya riƙe karnuka goma a daji ba wata 'yar tsigi ce za ta kore shi daga masallaci ba.

Gaskiya ya faɗa. Kafin ya je Hajji ya ajiye baka, Kaka mafarauci ne a wani ƙauye gabas da Kano, kuma hannun bai mutu ba. Bai taɓa dukanta ba, ko sandarsa bai ɗaga ba. Sai ya ja sakata, in ta taso ya mayar da ƙofar ya rufe. Ya sake ja, ta taso, ya rufe. Ran da ta gaji ta ajiye gindinta a ƙasa, sai ya shiga, ya shimfiɗa dardumarsa, ya yi sallarsa tana kallo. Da ya sallame sai ya ciro ɗan guntun kilishi daga aljihu, cikin wanda ya zo da shi daga gida, ya wurga can ƙarshen filin, ya saki wani kuka daga maƙogwaro irin na 'yan farauta, ya ƙare da “Kama!” Kafin kilishin ya gama birgima ta isa. Cikin mako ɗaya abin ya zauna. Da sakata ta ce ƙwas sai ta zauna, ba ta ko gezau, jikinta na rawa, har sai ta ji wannan kukan. Umma ta huta, Kaka yana taƙama, ni ma ina taya shi. Sau uku a yini, wata biyu cur, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya wa Lawban, don shi da safe da magariba kawai yake hawa, kuma da fito yake kiranta tun daga ƙasa.

Da yamma wani lokaci tsofaffin biyu kan haɗu a sama, ni ce tafinta. Musunsu ɗaya ne, kuma ba ya ƙarewa. Lawban ya ce a gajeren tsere duk abin a tashin farko yake, karen da ya fara fita daga akwati shi ke ci, kuma wannan tashin koya shi ake yi, shi da hannunsa ya koya wa karnukan da ba zai iya tunawa ba. Kaka ya ce in gaya masa ya bar wannan zance, gudu a jini yake, ɗan kwikwiyon da zai kama zomo tun yana shan nono ake gane shi, mutum sai dai ya nuna masa daji. Ina juya wa wannan, ina juya wa wancan, ina rage zagin da ke ciki. In sun gaji Lawban ya miƙa taba, Kaka ya ƙi, Kaka ya miƙa goro, Lawban ya ƙi, kowa ya koma yana ganin ɗan'uwansa bai san kare ba.

Da zafi ya shigo sosai, lokacin da ake tara jajayen 'ya'yan itacen nan da ake kira laici a bakin kowane lungu, Lawban ya ce 'yar tokar ta isa gwaji. Ya gayyaci Kaka don ya ga yadda ake yi. Baba bai so ba, ya ce wurin ba ya rasa 'yan caca, amma Kaka ya ce kallo kawai zai yi, kuma ba a musu da mahaifi. Dole aka tafi da ni saboda baki. Ranar Lahadi da sassafe muka shiga wata ƙaramar motar kaya, muka wuce dogayen gine-ginen Tianhe, muka ci gaba har gari ya ƙare muka shiga gonakin ayaba. Fili ne miƙaƙƙe tsakanin kududdufai biyu, an ja igiya gefe da gefe. A farkonsa akwatunan katako ne guda huɗu a jere, masu ƙofar ƙarfe da ake saki lokaci ɗaya. A ƙarshensa an kifa keke, wani yana juya feda da hannu, igiya tana jan farin tsumma a ƙasa, shi karnukan ke bi.

Aka sa ta a akwati na biyu. Tsumma ya wuce, aka saki ƙofa. Uku suka fita. Ita tana zaune. Sai da sauran suka kai rabin fili sannan ta leƙo, ta dubi hagu ta dubi dama, ta bi su, kuma ko a hakan ta kusa kamo na ƙarshe. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce wa Lawban ya kawo mata shayi tunda zama ta zo yi. Aka sake gwadawa, ta sake zama. A mota, muna shigowa gari, musu ya sake tashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsofaffin nan sun yi musayar baki ba su sani ba. Lawban, mai cewa komai koyarwa ne, ya ce ya koya mata duk abin da ake koyarwa, jininta ne ba kyau. Kaka, mai cewa komai jini ne, ya ce jinin nan ba shi da laifi, ai ya ga yadda ta ci ƙasa da ta tashi, wani ne dai ya lalata ta. Ya faɗa da ƙarfi, har da buga sanda.

Washegari matar waken suya ta gaya mini Lawban ya yanke shawara. Surukinsa yana da masana'antar maɓallai a wajen gari, yana neman karen da za a ɗaure a bakin ƙofa. Za a ba ta dama ɗaya, tseren bikin wata da Sinawa ke yi bayan damina, lokacin da suke rabon wata waina zagayayya da suke kira wainar wata. In ta sake zama, sarƙa. Na san irin sarƙar. Na taɓa bin Baba wani sito na ga kare a ɗaure, wuyansa ya goge ba gashi, ya haƙa da'ira a ƙasa iya tsawon sarƙarsa. Ni da nake da hawa biyar da saman bene ina jin kamar zan fashe, ina ga wadda aka halitta don gudu kawai? Na hau na sauka ranar ban san sau nawa ba.

Da azahar na riga Kaka hawa don in kai masa darduma. Na ja sakata, ta ce ƙwas, ƙofa ta buɗe, ga ta zaune, gindi a ƙasa, kafaɗa na rawa, ido a kaina. Haka na gan ta jiya cikin akwati, daidai haka, kuma ƙarar da ƙofar akwatin ta yi da aka sake ta ita ce wannan ƙarar. Ba jininta ba ne, ba kuma koyarwar Lawban ba. Mu ne. Jira take a idar da salla.

Kwana uku na riƙe maganar a cikina. In na faɗa, Lawban zai iya fushi ya hana mu sama, ko ma ya ce mu tashi, kuma na sha jin Baba yana cewa da ƙyar ya samu mai ba baƙin mutum haya. In na yi shiru, sarƙa. Ga kuma Kaka, wanda ya bugi ƙasa ya ce wani ne ya lalata ta. Da wane baki yarinya za ta ce wa kakanta kai ne wanin? Umma ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. A rana ta uku, bayan ya sallame ya wurga kilishinsa, na zauna nesa da shi yadda sanda ba za ta kai ba, na ce, “Kaka, ƙofar akwatin can, kukanta irin na sakatar nan ne.”

Ya dubi ƙofar, ya dubi karyar tana tauna, ya daɗe yana jan carbi ba tare da leɓensa ya motsa ba. Na ga kunya ta sauko masa tun daga hula, kuma ban taɓa ganin haka a fuskar babba ba. Can ya ce, “Amarya, kama mini hannu. Ƙasa za mu.”

Hawa biyar ya sauka da wannan gwiwar, yana hutawa a kowane kwana, alhali zai iya jiran magariba. Muka sami Lawban a kujerar gora yana fifita da singileti. Kaka ya tsaya a tsaye ya ce in gaya masa, kada in rage ko kalma ɗaya, cewa shi ne ya shiga tsakanin mutum da karensa ba da izini ba, shi ya koya mata zama, saboda rigar salla. Na juya masa. Sai da na yi bayanin yawu da alwala sau biyu kafin Lawban ya gane, kuma da ya gane bai yi ihu ba, na fi son ma da ya yi. Ya tashi ya hau sama shi kaɗai ba fito, muka jiyo ƙwas, muka jiyo shiru. Ya sauko ya kunna taba ya ce wanda ya ɗaura shi zai kwance, kuma ranar tseren tana nan.

Sati uku suka rage wa bizar Kaka, tseren kuwa sai bayan tafiyarsa da kusan wata guda. Suka duƙufa, tsofaffin biyu, safe da yamma a cikin wannan zafin da ke sa riga ta manne a baya. Aka haɗa akwati a sama. Aka ja tsumma, aka ja fatar zomo, aka hana ta abinci, aka sa mata nama a hanci. Ƙwas, ta zauna. Kaka ya yi kukansa, ta fita kafin ka ƙifta. Aka ce to wani ya koyi kukan. Baba ya gwada, ta karkata kai tana kallonsa. Na gwada har muryata ta dushe. Lawban ya gwada, ya cire taba ya buɗe baki ya saki wani abu da ya sa matar waken suya ta hau da gudu ta ga ko wani ya faɗi. Karyar ko kunne ba ta ɗaga ba. Abin da Kaka ya dasa cikin mako ɗaya ya ƙi tumɓukuwa cikin uku, kuma ina ganin har cikin kunyarsa akwai ɗan jin daɗi da yake ɓoyewa.

Dabarar kaset tawa ce, ba na barin wa kowa ita. Baba yana da ƙaramar rikoda da ya saya a Tianhe, da ita muke ɗaukar gaisuwa a aika gida ta hannun masu komawa, don yawancin tsofaffinmu ba sa karanta wasiƙa. Na ce tunda muryarmu tana zuwa Kano ba tare da mu ba, muryar Kaka ma ta zauna nan ba tare da shi ba. Ana jibi zai tafi ya zauna a bakin gado, ya gyara hula kamar za a ɗauki hoto, ya yi kukan sau goma a jere. Muka gwada a sama yana ɓoye a ɗaki, na danna, Lawban ya wurga kilishi, ta fita. Kaka ya tafi da sauran gwiwarsa, ya bar mini ragowar kilishin da kaset. Wata guda na yi ina koyon dannawa daidai da ƙwas, ina mayar da zaren baya da biro don kada batir ya ƙare.

Ranar tseren Baba da kansa ya raka ni. Zafi ya ɗan sassauta, iska na kaɗa ganyen ayaba, mutane sun fi na wancan karon yawa. Ba a yarda a wurga abinci a fili ba, sai tsumma kawai. Lawban ya tsayar da ni a jikin igiya, kamar taku talatin gaba da akwatunan, ya ce sautin zai jawo ta gaba, in ta taso kuma ta ga tsumma jikinta zai yi sauran. Na rungume rikodar a ƙirji, na ƙure ƙararta, yatsana a kan maɓalli. Ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Tsumma ya taho yana tsalle. Ƙwas. Na danna.

Muryar Kaka ta tashi a tsakiyar gonakin ayaba, kuma ta fita. Ban taɓa ganin abu mai rai ya tashi haka ba, kafin ranar ko bayanta. Sauran ukun suna fitar da kafaɗa ita ta ba su tazarar jiki biyu, cikinta na shafar ƙasa. Na ji mutane sun ja numfashi. Ta zo daidai inda nake, tsumma na gabanta, hanya a buɗe. Sai ta karya kwana. Ta bi ta ƙarƙashin igiya ta faɗo mini, ta cusa hanci cikin rikodar, ta zagaya bayana, ta dawo, tana wani siririn kuka tana neman mai muryar. Kaset ɗin yana ta juyawa, Kaka yana ta cewa kama, kama, ita kuwa tana duba ƙarƙashin hijabina. Na durƙusa. Ta lashe mini fuska da wuya da hijabin gaba ɗaya, kuma a karo na farko ban kauce ba. Kuka nake yi sosai, don na san an gama, ta faɗi. Baba yana tsaye a kaina, bai ce in tashi ba.

Mutane sun yi dariya, amma ba irin ta wancan karon ba. Wani tsoho ya shiga filin yana auna sawunta da ƙafarsa daga bakin akwati, yana kaɗa kai. Lawban ya zo ya ɗauke ta a hannu, ya daɗe yana shafa haƙarƙarinta. Ya ce mini in na aika kaset gida in gaya wa tsohon cewa ya yi gaskiya, gudun yana cikinta, ba wanda ya sa mata. In kuma gaya masa shi ma Lawban ya yi gaskiya, don abin da aka koya mata ya fi gudun ƙarfi. Na tambaye shi sarƙa fa. Ya ce wanda ya ga wannan tashin ba zai kai shi ƙofar masana'anta ba. Ba za ta ƙara tsere ba, amma za ta haifa masa masu yi.

Murna ta hana ni zama a motar. Washegari da na gama allo na ɗauki ragowar kilishin na haura taka goma sha biyun nan da gudu. Na tarar da sabon kwaɗo, babba, mai ruwan tagulla, a jikin sakatar. Na sauka har ƙasa na sami Lawban. Bai ɗaga murya ba, har ya miƙo mini wainar wata. Ya ce ba fushi yake ba, amma 'ya'yan da za ta haifa ba za su ji an ja wannan sakatar da hannun kowa ba sai nasa. Umma ta koma shanya a taga.

Shekara ɗaya da rabi muka ƙara a gidan kafin mu dawo Kano, ban sake ganin saman benen ba. Ɗakina yana ƙarƙashinsa daidai. Ina jin faratanta a kan siminti tana zagayawa, daga baya na ji na ƙananan suna binta. In na kai ƙofar na jingina, nakan ji ta zo ta zauna a ɗaya gefen tana huci ta ƙasan ƙarfen. Ban yi nadamar faɗar gaskiya ba, amma ba zan ɓoye maka ba, na ji haushi, na kuma ji kaɗaici irin wanda ban ƙara ji ba. Ita ta tsira daga sarƙa, ni aka bar wa matakala.

Kaka ya rasu shekaru da yawa da suka wuce, kuma har ya koma ga Allah in aka tayar da zancen sai ya ce ai Basinen da bakinsa ya yarda jini ne, rabi na biyu na saƙon bai taɓa maimaita shi ba. Ƙanena da ke zuwa Guangzhou sari yanzu ya ce Hausa ake yi a kowace kwana ta kasuwa, kuma ya nemi lungunmu bai same shi ba, an rushe an ɗora wasu gine-gine masu gilashi. Kaset ɗin yana cikin akwatina, ba ni da abin da zan saurare shi da shi. Ni kuma da aka ce ba na zama, yau ni ce ake misali da natsuwata a cikin dangi. Ba na shiga ƙofa sai na tsaya, ba na tashi sai an ce tashi, ban ma san ranar da na koya ba.

Mai waldan ya karɓi tiren ya yi godiya, ya ce saura kwaɗo, wane iri Hajiya take so. A sama ina jin ƙafar 'yata, ta riga ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta haye. Na ce masa ya bar kwaɗon. Ya cire sakatar ma, gobe a kira magini ya ƙara wa katangar saman tsawo.